Giyar Ɗaya Har Kwalkwalawa

Kwaɗon yana rataye a kulle, ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma da Gazali ya buɗe shagon ƙofar gidansu bayan La'asar ɗin Juma'a, babu babur sai tabon tayoyinsa a kan siminti.

Ba ƙaramin babur ba ne irin na 'yan kabu-kabu. Babban mashin ne na doguwar tafiya, shuɗi, mai injin ɗari shida da hamsin, wanda Gazali kan hau zuwa Birnin Kebbi da safe ya dawo kafin Magariba. Duk Tudun Wada an san yadda yake ji da shi. Ya sa masa akwatunan gefe biyu da na baya ɗaya inda yake kulle hular kwanonsa, ya ƙara gilashin tare iska da ƙarafan kariya da fitilu biyu na ƙasa, har da maƙalin waya. Abu ɗaya ne bai sa ba, na'urar da ke nuna inda babur yake in an sace. Ya ce sai wata mai zuwa.

Sufeto Jelani ne ya zo, kuma ba baƙo ba ne a gidan. A unguwar ya tashi. Mahaifin Gazali, Malam Junaidu, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, shi ya sa masa hannu a takardar shiga aikin ɗan sanda. Don haka Jelani ya cire takalmi a bakin zaure, ya durƙusa ya gaida dattijon. Malam yana zaune cikin jallabiya, ya miƙe ƙafar hagu ya lulluɓe ta da bargo, alhali zafin ranar ya isa ya gasa ƙwai.

"Jelani, ka ji abin ga," in ji Malam, idonsa a kan carbi. "Ni tun ran da anka kawo dokin shaiɗan ɗin nan nac ce ba alheri ba na."

Kowa ya san haka. Shekara biyu Malam yana zagin babur ɗin a gaban baƙi.

Jelani ya juya ga Gazali. "Makulli nawa gare shi?"

"Biyu. Ga nawa nan ga ƙusa, bayan kantar littattafan Baba, haɗe da na kwaɗo. Nan na bar shi da za ni masallaci, nan na ishe shi."

"Bayan masallaci fa?"

"Gaisuwar surukai na tafi da motar matata."

"Ɗayan makullin?"

"Wurin Sirajo bakanike yake, shi ma haɗe da na kwaɗo. Shi ke zuwa ya ɗauka in za a canja mai."

Kafin Magariba Jelani ya kama Sirajo bakanike a garejinsa na Sabon Gari. Masu walda suka kashe injin suna kallo, mai faci ya bar tayar da ke hannunsa, masu shayi suka leƙo. Sirajo bai yi gardama ba. Ya goge hannu da tsumma ya miƙa wa ankwa.

Da safiyar Asabar aka fito da shi ofis.

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Masallacin tasha, ranka shi daɗe."

"Wa ya gan ka?"

"Mutane dubu sun gan ni, amma ban san wanda za shi tuna ba."

"Makullin fa?"

"Shina cikin akwatin kayan aikina. Ku je ku duba." Sirajo ya ɗaga kai. "Yallaɓai, shekara goma sha huɗu masu manyan babura ka aje makullansu wurina. Wanga aiki amana a jari nai. Jiya kun kama ni gaban mutane. Ko kun sake ni, wa za shi sake ba ni makulli?"

Makullin yana cikin akwatin kamar yadda ya ce. Jelani ya kuma tarar cewa tun da hantsi mutum uku sun zo sun kwashe baburansu daga garejin. Babban jami'in ofishin ya ce ranar Litinin za a kai Sirajo kotu, tunda kwaɗo bai karye ba kuma makullin gida yana inda yake.

Akwai wani da Gazali ya ambata, abokinsa Saifullah, wanda ya sha roƙon a sayar masa da babur ɗin. Jelani ya same shi a gida, kwance a kan tabarma, ƙafar dama ɗaure da karare. Mako biyu ke nan da ya zame a kan yashi a hanyar Wamakko, mai ɗori ya ce kada ya taka sai bayan kwana arba'in.

"Sufeto, ni da ko bayi sai an kai ni," in ji Saifullah. "In kun ga babur ɗin dai ku gaishe min da shi."

Jelani ya koma Tudun Wada yana tunanin wa ke bakin titi a lokacin da duk maza suke masallaci. Amsar tana zaune a gindin dogon yaro, da ƙwaryarta a gaba. Kande mai fura ta fi shekara ashirin a wurin.

"Inna, jiya kin ga babban babur ɗin Gazali ya fita?"

"Na gan shi, ana kiran salla na farko."

"Wa ke kai?"

"Ina zan sani, ɗan nan? Ya kihwa wannan baƙar tukunya bisa kai. Babbar riga dai hwara na gani, iska na kaɗa ta."

Ranar Juma'a rabin garin farar riga ke sawa. Jelani ya miƙe zai tafi, sai ta ƙara magana.

"Amma ba tahiyar Gazali ba ta."

"Kamar yaya?"

"In Gazali na, babur ɗin kan yi kuka shi huta, shi sake kuka shi huta, kahin ka ankara ya ɓace. Jiya ko ruri ɗai yakai awa sa an kai shi mahauta, bai huta ba har yas sha kwana. Kuma ba wani gudun kirki."

Jelani ya sayi furar da ba ya jin sha, ya koma ofis, ya sa aka sake fito da Sirajo.

"Me zai sa babur irin wannan ya yi ta ruri ba ya hutawa?"

"Giyar ɗaya anka bar shi."

"Don me mutum zai bar shi a ɗaya?"

Karon farko tun da aka kama shi, fuskar Sirajo ta ɗan saki. "Wanda yas saba da ƙananan babura na. Su giyarsu duk ƙasa aka takawa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wanga ko ta ɗaya kaɗai ta ƙasa, sauran biyar bisa aka ɗaga su da yatsun ƙahwa. In ba ka sani ba, ka ta takawa har gobe, ba ta shiga."

"An ce babbar riga mutumin ya sa."

"Innalillahi. Ai sarƙa tai a buɗe take, ba murhi awa ta kabu-kabu. Ko Gazali na hana shi hawa da riga mai hannu. Allah shi sa ba ta kama shi ba."

A nan Jelani ya ji kunya ta rufe shi, don ya san bakaniken da ya shekara biyu yana gyaran babur ba zai manta inda giya ta biyu take ba, kuma da ya yi wannan tambayar tun jiya da Sirajo bai kwana a bayan kanta ba. Ya yi saurin kama shi ne don mai ƙara ɗan babban gida ne, shi kuwa Sirajo mai baƙin mai a farce.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Jelani a masallacin unguwa ya yi Juma'a. A sahun farko, gefen ginshiƙin dama, wurin da Malam Junaidu ya fi shekara talatin yana zama, wani mutum dabam ne ya zauna jiya. Ya gani da idonsa, ya kawar da kai, bai bar zuciyarsa ta tambaya ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya tafi Kwalkwalawa shi kaɗai, ba kaki. A can Malam yake da gonar albasa a fadama. A bayan rudun da ake adana albasa, an jingina zana uku a kan wani abu mai tsawo. Mai gadin gonar ya hango shi, ya sunkuyar da kai, ya yi kamar yana neman wani abu a cikin kunyoyin gona. Jelani ya ɗaga zanar. Ƙarfen kariya na hagu ya goge, akwatin gefe ya tsage, sannan farar shadda mai aikin hannu ta nannaɗe a haƙoran tayar baya, ta yi baƙi da man sarƙa. Ya yanko ɗan ƙyalle ya sa a aljihu.

Bayan Azahar ya sami Malam shi kaɗai a zaure. Ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya ajiye ƙyallen a bakin buzu. Ya kasa ɗaga ido.

"Allah shi gafarta Malam, zan faɗi abin da na gano, in na yi kuskure a gyara min. Kwaɗo bai karye ba, ke nan da makulli aka buɗe. Wanda ya hau bai san giyar babur ɗin ba, ke nan ba Sirajo ba ne, ba kuma ɓarawon babura ba. Saura makullin gida. An ɗauke shi an mayar, kuma ba mai mayar da makulli bayan kantar littattafan nan sai wanda zauren nasa ne. Malam ba ya cire rigar Juma'a sai Magariba, amma na ishe shi cikin jallabiya, da bargo a ƙafa. Kuma ban ga Malam a masallaci ba."

Carbin ya tsaya. Malam ya ajiye shi. Daga baya ya yaye bargon. Gwiwar ta kumbura, ƙwaurin ya saɓule.

"Shekara ashirin da shidda ina bisa babur, Jelani," in ji shi, muryarsa a ƙasa. "Ba ƙauyen da ban shiga ba da irin gero ga buhu. Ran da Gazali ya kawo wanga, zuciyata tat tashi. Sai na ji kunyar a ce tsoho awa ni na sha'awar abin yara, sai nik koma zagi nai. Ran Juma'a kowa ya tahi, nac ce in kai bakin titi in komo kahin huɗuba. Da iska tab buge ni, ban san sa'ad da na wuce gada ba."

"Sannan riga ta shiga sarƙa."

"Dab da gonata. Mai gadi yat tada ni, munka ja shi munka ɓoye. Kabu-kabu nah hau nak komo." Ya share ido da bayan hannu. "Ka san abin da yah hana ni magana? Ba babur ba na. A ce Junaidu ya bar sallar Juma'a shina yawo bisa dokin da shika zagi."

"Malam, gobe za a kai Sirajo kotu."

"Na sani. Kwana biyu ban iya kallon abinci."

Gazali da ya ji, sai ya zauna a dakalin ƙofar gida ya rufe fuska. Ya ce ya janye ƙara, ya roƙi Jelani a rubuta cewa an tsinci babur a daji, a rufa wa tsoho asiri. Jelani ma haka zuciyarsa ta so. Amma da aka buɗe wa Sirajo ƙofa aka gaya masa gaskiya, sai ya tsaya a bakin kanta bai fita ba.

"In kunka ce an tsince shi daji, mutane za su ce ni naɓ ɓoye shi can," in ji shi. "Ni ban son a kama kowa, yallaɓai. Amma gaban mutane anka sa min ankwa."

Jelani ya kai wa Malam saƙon kamar yadda aka faɗa, bai rage ba bai ƙara ba. Malam ya ce a kawo masa sandarsa.

Litinin da hantsi, a lokacin da ya kamata Sirajo yana gaban alƙali, motar matar Gazali ta tsaya a bakin garejin Sabon Gari, a-kori-kura na biye da ita da babur a baya. Masu walda suka kashe injin. Mai faci ya miƙe. Malam Junaidu ya fito yana ɗingishi, ya ture hannun ɗansa da ke son tallafa masa, ya tsaya a tsakiyar fili inda kowa zai ji.

"Jama'a, ni naɗ ɗauki babur ɗin ɗana ran Juma'a, ba da sani nai ba. Ni nah hwaɗi da shi, ni naɓ ɓoye shi, kuma nay yi shiru anka kulle wanga bawan Allah kwana biyu. Sirajo ba shi da laihi ko ɗai." Ya juya, ya fara ƙoƙarin durƙusawa da gwiwar da ta kumbura. "Sirajo, ka gahwarta mani."

Sirajo ya yi wuf ya tare shi kafin ya kai ƙasa, hannuwansa na baƙin mai suka ɓata farar rigar dattijon.

"Haba Baba, tashi. Na yahe."

Ba wanda ya yi dariya. Jelani ya zo ya tsaya kusa da su, ya cire hularsa ta aiki, ya ce shi ma yana neman gafara, don bai yi tambaya ba kafin ya yi kamu. Sirajo ya gyaɗa kai, ya ce a sauko da babur a hankali, kada kowa ya ja ƙyallen da ƙarfi, sai ya kwance tayar.

Gazali ya ciro makullin da 'yan sanda suka karɓe, ya miƙa masa a gaban kowa. Sirajo ya juya shi a hannu, sannan ya dubi tsohon da ke jingine da sanda, yana satar kallon babur ɗin da wutsiyar ido.

"Baba," in ji shi a hankali, yadda su biyu da Jelani kaɗai za su ji, "in ƙahwa ta warke, ka zo da wando da ƙaramar riga, ba ran Juma'a ba. Ta biyu bisa take."