Miyar Wake a Gidan Mahauta

Sanyin waccan shekarar a Madarumfa ba na wasa ba ne. Iskar da ke tasowa daga tafki da sassafe sai ta shige ƙashin mutum ta yi zamanta. Sadiya na durƙushe gaban murhu, ta rufa da zane biyu, tana yanka albasa tana sharar ido da bayan hannu.

Tun jiya ta jiƙa wakenta ta dafa shi ya yi luguf, don haka aikin safe ba ya cin lokaci. Ɗan ɗigon man gyaɗa ta zuba, ta soya albasa da tafarnuwa, ta bi su da tumatir da tattasai da attarugu. Ta ɓare ɗanyar masarar lambun bakin tafki ta watsa, ta juye waken, ta dame rabinsa da bayan ludayi don romon ya yi kauri. Gishiri kuwa sai ka rantse ba ta sa ba. Tana saukewa ta matse lemun tsami a kai. Ba nama, ba ƙashi, ba dunƙule.

"Kai, madam! Yau ma miyar Meksik ɗin ce?" in ji Bilki, ƙanwar mijinta, da ta leƙo tana toshe hanci. "Daga ganin abu a waya shi ke nan mun shiga uku! Mutanenku na Gabi da wake dai sai Allah. Ga tsoka fal a gida, ke kin liƙe wa abincin ƙauye."

"Ai cikina ne, Bilki," Sadiya ta ce tana murmushi.

Ba cikinta ba ne. Bilki na juya baya ta cika kwanon Baba da miyar, ta rufe ruf, ta miƙa wa mijinta Hamisu. Ya karɓa, ya ɗan matse mata yatsu, ya ce a hankali, "Allah ya bar min ke, sheri, masoyiyata." Ya wuce zaure da kwanon.

Baba Abarshi, surukin nata, mahauci ne ɗan mahauci. Duk wanda ya san kasuwar Madarumfa ya san tukubar tsirensa, har direbobin Ɗan Issa suna ratsowa dominta. Matarsa Inna Kulu ba ta da abin alfahari da ya wuce cewa tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa ɗora tukunyar da babu ƙashi a ciki ba. To, da kaka sai jiri ya fara ɗibar tsohon. Hamisu ya kai shi likita a Maraɗi, aka auna, aka ce tansiyo ce, hawan jini, kuma ta yi sama ƙwarai. Likita ya ce a rabu da kitse da jan nama da gishiri da dunƙule, a koma wake da ganye, in ana son ransa.

A hanyar dawowa tsohon ya damƙe hannun ɗansa. "Rantse min ba mai jin maganar nan. In kasuwa ta ji mahauci ya bar cin nama don cuta, wa zai ƙara tsayawa gaban tukubata? Cewa za a yi namana ke kwantar da mutane! Uwarka kuwa in ta ji da hantsi, kafin azahar unguwa ta ji. Matarka kaɗai za ka faɗa wa, tunda ita ke girki, ita ma ta rantse."

Suka rantse. Sadiya ta yi ta lalube a wayarta har ta ci karo da wata mata 'yar ƙasar Meksik tana haɗa miyar wake mai yaji, mai saurin dahuwa, irin ta lokacin ɗari. Ta gwada da waken gonar ubanta. Tsohon ya sha ya yi gumi, jirin ya ja baya, kwano kullum ya dawo a suɗe. Sauran gida suna cin namansu, kowa na zaton kwanon maigida ya fi na kowa tsoka.

Ranar da abin ya ɓaci, Kawu Yahaya ne, yayan Inna Kulu, ya sauka daga Ɗan Issa da sanyin safiya ba sanarwa. Baƙo irin wannan kuwa ba a ware masa kwano, da maigida yake sa hannu. Ya ja kwanon gabansa, ya buɗe, ya tura cokali ya juya hagu, ya juya dama, ya tono ƙasa. Sai ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Kulu! Ke Kulu, zo ki gani! Gidan mahauta, ko ƙashin da kare zai gwagwiya babu? Ashe haka kuke riƙon bawan Allah wanga?"

Inna Kulu ta zo ta leƙa kwanon. Fuskarta ta sauya. Ta ɗauko shi ta dire a tsakar gida har romon ya fantsama.

"Sadiya! Mi ke nan?"

Sadiya ta zo ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Tambayarki nake! Mutumin da ke shigo da cinyar rago gidan nan da hannunsa, shi za ki ba ruwan wake kamar wani ɗan kaso? Tun yaushe?"

"Tun da daɗewa, Inna!" Bilki ta cafe. "Wallahi kullum sai ta dafa, ta ce min nata ne. Ashe naman Baba take cinyewa, ta zuba masa na ƙauyensu!"

"Ban taɓa cin rabon Baba ba, Inna," Sadiya ta ce.

"To don mi? Faɗi dalili!"

Dalilin na kan harshenta, amma rantsuwa ta danne shi. Ta ɗaga ido kaɗan ta saci kallon ƙofar zaure. Baba Abarshi na tsaye a wurin, Hamisu na bayansa. Kalma ɗaya daga bakin tsohon ta isa ta wanke ta tas. Ya dubi surukinsa Yahaya da ke ta ƙyaƙyata dariya, ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa.

"Ni na makara kasuwa," ya ce. Ya sa kai ya fita.

Wallahi da mari ya tsinka mata da ya fi mata sauƙi.

Inna Kulu ta juya kan ɗanta. "Kai kuma kai ke ɗaukar kwanon, ko? Ta shanye ka har ka taya ta wulaƙanta ubanka! To ka ji da kyau, ko ta bar gidan nan yau, ko in ɗaga maka nono!"

"Inna, don Allah ki tsaya, akwai…"

"Akwai mi?"

Hamisu ya yi tsuru-tsuru. Can ya juyo, bai iya haɗa ido da matarsa ba, ya ce, "Sadiya, ki je gida. Sai na neme ki."

Ba ta yi gardama ba. Ta shiga ɗaki tana haɗa kaya, hawaye na ɗiga a kan zannuwan. Hamisu ya biyo ta yana cewa kwana kaɗan ne, Inna ta huce. Ta dube shi ta ce, "Ni ba ta kaina nake ba. Wa zai dafa wa Baba? Ka faɗa wa Inna gaskiya, ka yi kaffarar rantsuwarka. Azumi ne fa kawai, ba mutuwa ba!"

"Baba zai tsine min, Sadiya."

"To ka zaɓa," ta ce, ta ɗauki ƙullinta.

A Gabi ba ta ji da daɗi ba. Labari ya riga ta isa, cewa an koro ɗiyar gidan don tana cinye naman surukinta. In ta je rijiya sai mata su yi shiru, tana juya baya su sa dariya. Uwarta ta tsare ta a ɗaki ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, Sadiya ba ta ce komai ba sai "Ki yi haƙuri, Inna, ban ci amanar kowa ba." Hamisu na kira a waya yana cewa ba ya barci, ba ya cin abinci. Ita tambayarta ɗaya ce kullum: "Ka faɗa?" Shi kuma amsarsa ɗaya: "Ina neman hanya." Tana son sa, ba ta daina ba, amma duk sanda ya faɗi haka sai ta ji ya ƙara ƙanƙancewa a idonta.

Can Madarumfa kuwa Inna Kulu ta ɗaura ɗamara za ta rama wa mijinta abin da aka cuce shi. Yau farfesun kai, gobe kayan ciki, jibi romon ƙashi kitse na yawo a sama, gishiri da dunƙule har sai harshe ya amsa. Ita take kai masa da kanta, ta zauna ta tsare shi. "Ci, Malam, ci! Dubi yadda yarinyar nan ta ramar da kai!" Ya ci. Da farko don kada ta gane, daga baya don daɗi, tunda bakin da ya saba da kitse tun yarinta ba ya mantuwa.

Ranar kasuwa, yana tsaye yana juya tsire, wuƙa ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya kife a gefen tukuba. Kafin a kai shi Maraɗi baki ya karkace, hannu da ƙafar dama sun saki.

Likitan da ya duba shi da kaka ne ya karɓe su. Ya dubi Hamisu rai a ɓace, a gaban Inna Kulu da Bilki, ya ce, "Ba kai na yi wa bayani ba? Na ce ba kitse, ba gishiri, a ba shi wake da ganye! Da kuka dawo awo tansiyonsa ta sauka, har na ce a gaishe da mai yi masa girki. Mi ya faru kuma?"

Inna Kulu ta dubi likita, ta dubi ɗanta. "Wake?" ta ce. Sai ta zube a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni Kulu! Da hannuna! Da hannuna na yi ta ɗura masa! Hamisu, kana kallo? Kana kallo ka ƙyale ni?"

Hamisu ya jingina da bango yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Inna Kulu ba ta aiki kowa biko ba. Bayan an sallamo tsohon, ita da kanta ta hau mota zuwa Gabi, Hamisu na biye. Ta shiga gidan ta durƙusa gaban ɗiyar da ta haifi kamarta, a gaban uwarta da maƙwabtan da suka cika tsakar gida, ta faɗi komai da ƙarfi don masu dariyar rijiya su ji.

Sadiya ta yi maza ta kama ta. "Tashi, Inna, don Allah! Ke ba ki sani ba. Son sa ne ya sa ki." Ta juya ga mijinta, idonta jajir. "Kai ne ka sani."

"Na sani," ya ce. "Ki yafe min, Sadiya. Na ji tsoron fushin Baba, na ji tsoron bakin Inna, ke kaɗai ce ban ji tsoron rasawa ba, don na san haƙurinki. Na zalunce ki."

"Zan koma," ta ce. "Amma ka sani, ni ma ban wanke kaina ba. Da na buɗe baki ran nan a tsakar gida, da yanzu Baba na kasuwa da ƙafafunsa. Daga yau kada ka ƙara kawo min rantsuwar da za ta ci ran mutum. Ba zan ɗauka ba."

Washegari da safe a Madarumfa sanyi na nan yadda Sadiya ta bar shi. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya. Bilki ta zo sum-sum ta zauna tana ɓare mata masara, ta kasa ɗaga kai. Inna Kulu ta jawo kujera kusa da murhu tana kallon hannunta.

"Gishirin ke nan duka?"

"Shi ke nan, Inna. Lemun tsami ne zai tayar da ɗanɗanon."

"Nuna min yadda kike dame waken."

Wannan karon ba a rufe kwano ba, ba a kuma bi da shi ta zaure ba. Sadiya ta kai shi ɗaki da kanta. Baba Abarshi na jingine da matashi, rabin fuskarsa ya zube. Tukubar da ya ɓoye cutarsa dominta tana can hannun wani, kuma duk kasuwa ta san abin da ya same shi. Da ya ga Sadiya sai ya fara motsa baki, yana ta kokawa da harshe, yawu na zuba. Kalmar da ya ƙi faɗa ranar da yake da baki, yau yana nemanta ta ƙi fitowa. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya.

"Na ji, Baba," Sadiya ta ce a hankali. "Na yafe. Buɗe bakinka, kada ta huce."

Haƙurin Sadiya ya mayar mata da ɗakinta da mutuncinta, har ta zama ita ce ake shawara da ita a gidan. Amma bai mayar wa tsohon da hannunsa ba. Ku masu tasowa, ku riƙe wannan: haƙuri da dangin miji abu ne mai kyau, kuma Allah ba ya barin mai shi ya taɓe. Sai dai maganar da ta shafi rai ba a binne ta don gudun dariyar kasuwa, kuma namijin da ya san gaskiyar matarsa ya yi shiru a gaban iyayensa, ba biyayya ya yi ba, tsoro ya ji.

Har yau in ɗari ya shigo Madarumfa, gidan mahautan nan tukunyar wake ake fara ɗorawa. Inna Kulu ce ke ba Baba Abarshi a baki, cokali-cokali, tana goge masa haɓa da gefen zanenta.