Gafakar Malam Bakoji

Sufeto Yero bai taɓa zaton zai ji ma'aikatan ɗakin karatu suna hayaniya ba, su da ko tari mutum ya yi sai sun harare shi. Amma ranar da aka kira shi da kofur ɗinsa wurin taronsu na ƙara wa juna sani a Birnin Gwari, zauren ya koma kamar tashar mota.

Raudatu, wadda ta shirya taron, ta tare shi idonta jawur.

"Ranka ya daɗe, littafin Malam Bakoji aka ɗauke har da gafakarsa. Na ajami ne, kakansa ya rubuta kan itatuwan magani na dajin Kamuku. Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu ta wajen Randagi, littafin nan Malam ya rungumo, ya bar hatsinsa. Da kyar ya ara mini."

"Ya sani?"

"Bayan azahar zai zo ya yi jawabi. In ya tarar babu, ba mai sake ba mu ko fallen takarda a ƙasar nan."

Yero ya nufi teburin da aka baje littattafai. Babu giɓi ko kaɗan. An matso da sauran, an daidaita bakinsu tsaf. Sai wani ɓurɓushin busasshen ganye a kan shimfiɗar. Ya murza, ya shinshina.

"Darbejiya ce," in ji Raudatu. "Malam yana sa ta tsakanin takardu saboda ƙwari."

"Ke kika gyara teburin?"

"Wallahi ban taɓa ba."

"To ɓarawon titi ba ya tsayawa gyara. Ɗan gida ne."

Obed mai gadi ya rantse ba wanda ya fita ƙofa da kaya. Ya ce zauren bai zama ba kowa ba sai lokacin da aka fita tsakar gida ɗaukar hoto da musayar lambobin waya.

Yero ya karɓi wayar Blessing, wadda ta ɗauki hotunan. A na farko akwai gurbi a layin gaba. A na ƙarshe wani mai babbar riga ya cike shi, yana murmushi, jakar taro a lafe a hannunsa.

Shi ne Malam Abdulsalam, babban ma'aikacin laburaren wata kwaleji, wanda tun safe yake raba katinsa har ga masu shara.

"Ina ka je lokacin hoton farko?"

"Alwala."

"Da hantsi?"

"Ni mutum ne mai son zama da tsarki, Sufeto. Kuma littafin nan ko kusa da shi ban je ba. Ga jakata, a duba."

Ya miƙa ta da fara'ar da ta yi yawa. Ba littafi a ciki. Yero ya kife ta a tafin hannunsa, ya girgiza. Ɓurɓushin ganye ya zubo.

"Maganin zazzaɓi ne," in ji Abdulsalam.

Yero ya ajiye jakar. Littafi bai fita gida ba, kuma ba ya cikin jaka. Ya leƙa ɗakin ajiyar littattafai da ke jikin zauren, kantoci cike har rufi. Kafin a gama bincike su, azahar za ta wuce. Ya juya ga mahalarta.

"Malamai, a taimaki ɗan sanda. Da a ce littafin nan naku ne, a wane kanta za ku ajiye shi?"

Baki ɗaya suka amsa, kamar 'yan makaranta: "Sashen magunguna!"

Har Abdulsalam sai da leɓensa ya motsa.

Can kuwa aka same shi, a bayan manyan littattafan likitanci, gafakar a tsaye kamar an haife ta a wurin.

Abdulsalam ya zauna daɓas. "Na daɗe ba ƙarin girma. Na so in kai shi babban taro na ƙasa, in ce ni na gano shi. Na ce in aje a inda ba zan manta ba."

"Ɗaki guda na maɓoya, ka rasa inda za ka sa sai inda ya dace," in ji Yero. "Aiki dai ka iya shi. Kofur, tafi da shi."

Ana fita da shi, babur ya sauke Malam Bakoji. Yero ya zaci Raudatu za ta rufe maganar, tunda kaya ya dawo. Sai ya ga ta durƙusa gaban tsohon, ta faɗa masa komai.

Tsohon ya buɗe gafaka, ya shafa takardun a hankali, sannan ya dube ta.

"'Yata, an ɗauke a hannunki, kuma da bakinki kika gaya mini?"

"E, Baba."

Ya juya ga mai babur. "Koma gida. Ka ce su buɗe adaka, su ba ka sauran littattafan duka, ka kawo mata."

Zaure ya kaure da tafi da kabbara. Farin ciki ya cika Yero, shi ma ya shiga tafin, kuma ba wanda ya ce a yi shiru.