Sunana a Jerin Matattu

Burodi na fito saya, wata Juma'a da almuru, sai Sorina, abokiyar aikina, ta kira ni.

"Farfesa, ka kashe gwajin nan kuwa?"

"Tun da rana."

"To mita na ta juyawa. Biya ofis ka duba, tunda kai ba ka yarda da komai ba, balle ka ji tsoro."

Aikinmu a birnin Iași babu abin al'ajabi a cikinsa. Manyan kamfanoni muke sayar wa lasisin manhaja. Duk hada-hadar da suka yi a cikinta, mita ta ƙirga ɗaya, kamar mitar wuta. Kowane asusu da kasonsa, in ya ƙare a rufe shi. Kafin mu miƙa wa kowa, mukan ƙirƙiri masu ciniki na ƙarya su yi ta saye da sayarwa, mu ga ko mita na ƙirga daidai. Doka ta hana sa bayanan rayayyu a gwaji, sai Sorina ta kwafo sunaye daga duwatsun maƙabartar ƙauyen kakarta. Na yaba da dabarar, don matattu ba sa kai ƙara. Na kuma ƙara nawa sunan a ƙasan jerin, yadda masu rubuta manhaja suka saba, don in riƙa bin asusu ɗaya da ido.

Ofis ba kowa. Washegari Asabar ɗin tunawa da matattu ce, gida-gida ana dafa alkamar sadaka, shi ya sa ƙamshin alkamar da na ji a ofis bai dame ni ba. Sai da na zauna na tuna tagoginmu ba sa buɗuwa.

Gwajin a kashe yake. Mita ta ƙara ɗaya.

Can ƙarshen ɗakin wani maballin kwamfuta ya yi ƙas. Kujerar da ke bayana ta yi ƙara, irin ta wanda ya zauna a gajiye. Warin kyandir ya shigo, da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Na buɗe asusan. Mutanen maƙabartar duk suna ciniki, amma ba wanda ya taɓa kasonsa. Daga asusu ɗaya suke ci. Octavian Lupașcu. Ni ke nan.

Mita ta ƙara ɗaya. Numfashina ya tsallake ɗaya.

Na kira Sorina. Na ji kaina ina raɗa, ban san don wa ba.

"Akwai 'yar matsala."

"Tavi, a wane jeri ka sa sunanka?"

"Ai jeri ɗaya ne."

"Wayyo, kai da karatun banza! Ko a coci ka taɓa ganin an rubuta mai rai da matacce a layi ɗaya?"

"Coci ba ta da kwamfuta."

Ƙas. Ƙas. Yanzu daga teburin da ke kusa da nawa. Kasona ya kusa ƙarewa, yatsuna sun fara sanyi.

Na kai hannu zan goge sunan. Wani hannu ya kwanta a kan nawa. Busasshe, mai sanyi, ba ya sauri. Taya ni yake yi.

"Zan goge," na ce.

"Kar ka goge! Ka haukace? Sabon jeri za ka buɗe, ka mai da kanka can!"

Hannun ya danna. Allo ya tambaye ni ko na tabbata.

Ban tabbata ba.

Da hannun hagu na ƙi. Da hagu na buɗe sabon jeri, na rubuta "Masu rai", na ja sunana ciki.

Mita ta tsaya.

Kujeru suka yi ƙara ɗaya bayan ɗaya, kamar an tashi daga taron da bai yi daɗi ba. Na sauka bene a guje, burodin ma a can na bar shi. Ran Litinin ban same shi ba.

A rahoto na rubuta cewa tangarɗar na'ura ce, kuma har gobe haka nake faɗa. Yanzu ƙirƙirar sunaye muke yi. Duk Asabar ɗin matattu ina raka Sorina ƙauye da kwanon alkama, saboda iskar can na da kyau.

Sai dai kafin in kashe allon a wancan daren, na ga ɗan abin da suka bar mini a kasona, kuma kowane numfashi ɗaya yake ci. Tun daga ranar ban ƙara gudu a bene ba.