Ƙararrawar Rijiyar Tsamaye

A shekarar farin da ta ɗauke Larai, mijinta Na'Allah maƙeri ya rasa ƙarfen aiki. Sai ya tsinci tsohuwar ƙararrawar shanu a cikin rijiyar da ta ƙafe, duk ta lotse. Ya ce zai buɗe mata baki, ko wani makiyayi ya musanya masa da hatsi.

Aikin ya ƙi. Ya gasa ta, ya ɗora kan uwar maƙera, ya bi gefen da guduma a hankali, bakin ya tsage. Ya liƙe, ya sake tsagewa. Ranar da ta buɗe daidai, rana ta riga ta faɗi. Ubansa ya sha gaya masa, ba a gwada ƙararrawa da magariba, tsumma ake cusa mata sai safe. Haushi ya sa ya kaɗa ta.

Gidan ya yi tsit. Sai takun kofato a tsakar gidan da ko akuya babu. Ruwan tulun da aka sha wuya kafin a samo ya ƙafe ƙaf. Saudatu, 'yarsa tilo, ta faɗi bakin murhu.

Kullum magariba haka, yarinya tana ta zubewa. Ya jefar da ƙararrawar a daji, ya tarar da ita kan tabarmarsa.

Aka ɗauko Malam Atiku daga Isa. Ya daɗe yana karatu kafin bakin Saudatu ya buɗe da muryar tsoho.

"Shanuna ya kira. Shi ka ba su ruwa."

"Wane ruwa, don Allah?" Na'Allah ya fashe. "Ni da ɗiyata kurɓa muke!"

"Yi shiru, maƙeri," in ji malam. "Kai kuma, mi kaka so?"

"Ɗiyar. Ta iya tatsa."

"Ba ka samun ta. Kayanka za a maishe ka, ka fita."

Muryar ta yi gunaguni. "To, shi rufe bakin ƙararrawar da hannunai. In ba haka ba, nan garke ka kwana."

Na'Allah ya dubi ƙararrawar da ta ci masa ƙarfi da gawayi. Ya ɗaga guduma, ya lotsa ta yadda ya same ta, ya kai ta rijiya. Takun kofato ya bi shi, bai biyo shi gida ba.

Ya tarar da Saudatu zaune.

"Baba, ƙishirwa."

Ya leƙa tulu. Ruwan yana nan.