Kofi Shida Daga Duro

Wata yarinya ce 'yar aji biyar. A unguwarsu famfo ya fi shekara bai ɗigo ba. Sai dai motar tanka, ita ma ranar Asabar kawai take zuwa. Kowane gida duro ɗaya. Da shi za a sha, da shi za a dafa, har wata Asabar ɗin.

Duron gidansu na farar roba ne, ana hango ruwan ta jikinsa. Kullum da safe Baba zai ja layi da alli daidai inda ruwan ya tsaya.

Akwai kuma wata tsohuwar rijiya a bayan gida. Ruwanta garau yake a ido. Amma sabulu ba ya kumfa da shi, kuma ja yake mayar da farin kaya. An ce kar wanda ya sha, sai dai wankin banɗaki.

To ranar Litinin, 'yan ajinsu suka tasa ta a gaba.

"Ke, wannan riga ce ko tsumman goge allo?" in ji wata. Aka kwashe da dariya.

Abin ya ci mata rai. Da ta dawo gida, Baba yana shagon ɗinkinsa, Mama ta shiga maƙwabta da Auta a baya. Ta ɗebi kofi shida daga duro, ta wanke rigarta fes.

Tana waigowa ta kalli duro. Ruwa ya sauka ƙasa da layin Baba sosai!

Da gudu ta zagaya baya, ta jawo ruwan rijiya. Ta ɗaga shi a rana, ba ko ɗan datti. Ta juye a duro, ta rufe, ta yi shiru abinta.

Washegari da rana ta tarar da Auta kwance a cinyar Mama. Amai, gudawa. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya, yau ko kuka ya kasa. Idonsa har ya faɗa.

"Ɗauko min gorar ruwa a duro," in ji Mama. "Yi sauri mana, kin tsaya kina kallona!"

Ta cika gorar. Suka kama hanyar asibiti, Baba ya baro shago ya biyo su da tef ɗin awo a wuyansa.

Nas ta ja fatar cikin Auta, ta saki. Fatar ba ta koma da wuri ba.

"Wane ruwa yake sha?"

"Na tanka," in ji Mama. "Ko na rijiya ba ya taɓawa."

"Kin tabbata? Don in ba ruwa ba ne, sai mu tura ku babban asibiti, kuma akwai nisa."

Yarinyar ta kalli ƙasa.

Nas ta miƙo wani ɗan ƙullin garin magani. "Fara haɗa masa wannan ya sha. Kin zo da ruwa ai?"

Mama ta buɗe gorar. Ta zuba garin. Ta girgiza. Ta tallafo kan Auta, ta kai gorar bakinsa.

"Mama, kar ki ba shi!"

Kowa ya juyo.

"Ni ce," ta ce, hawaye shaaa. "Na wanke rigata da ruwan duro. Na ji tsoron Baba, sai na cika da na rijiya."

Nas ta fizge gorar, ta ɗauko ruwa mai kyau ta haɗa wani.

"Yanzu na san maganin da zan ba shi," in ji ta. "Da kin ƙara yin shiru, da ya ƙara shan ciwon."

Kafin la'asar Auta ya buɗe ido. Ya kama gemun Baba ya ja, Baba ya ce, "Wayyo! Lallai ka warke, ɗan fitina."

A gida dole aka haƙura da duron gaba ɗaya, ga Asabar da sauran kwana huɗu. Baba ya ba ta bokiti.

"Uwata, bi gida-gida. Da bakinki za ki faɗi abin da ya faru."

Kunya kamar ta nutse, amma ta je. Matar kafinta ta ba ta kofi biyu. Mai shagon kan kwana ya ba ta gora guda. Wata tsohuwa ta ja kunnenta tukuna, sannan ta zuba mata uku. Kafin ta gama layin, bokiti ya cika.

Baba ya sauke mata daga kai. "Da kin gaya min tun jiya, faɗa kawai zan yi miki. Ruwa ya yi wuya, a yi tattalinsa. Ba kowane ruwa mai haske ake sha ba. Kuma in kin yi kuskure, ki faɗa da wuri, kar ki rufe shi da wani."

"Na ji, Baba."

Ta tsuguna ta ba Auta kofin farko. Ya shanye tas, ya miƙo yana neman ƙari.