Layi Goma Sha Huɗu

"Wata nawa kuma kike so in ƙara jira, Auta?"

Dogo ne ya faɗa, yana jingine da motarsa a ƙofar gidan su Auta. An ba shi aiki a wani gari mai nisa, saura mako uku a ɗaura musu aure su tafi.

"Ban ce ka jira ba... cewa na yi wa zai riƙa yi wa Baba allura?"

"A samo wanda zai riƙa zuwa!"

"Sau biyu a rana? Kullum? Haba masoyina, ciwon suga fa ba ya hutu."

"To ni in aure ki in bar ki a nan ke nan?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ji tari a bayan ƙofa. Takun silifas ya yi cikin gida a hankali. Baba ya ji komai.

Shekara biyu ke nan tun rasuwar mahaifiyarta, allurar insulin ɗin Baba ta dawo hannunta. Da yammar nan ma ta yi yadda ta saba. Ta wanke hannu, ta murza kwalbar a tafukanta har ruwan ya haɗe fari kamar madara, ta goge bakinta da auduga. Ta zuƙo maganin zuwa layi na goma sha huɗu, ta ɗalli sirinjin da farce har kumfar ta fita. Sannan ta kamo fatar cikinsa nesa da inda ta soka jiya, ta soka allurar, ta ƙirga goma kafin ta zare.

Kullum sai ya tsokane ta da "likitar da ba ta da takarda". Yau bai ce uffan ba. Hannunta kawai yake bi da idanu, yana ƙanƙance su.

Da safe ta fito ta tarar da shi zaune a falo, ya sa hula, yana murmushi.

"Kada ki wahalar da kanki, 'yar Baba. Na riga na yi."

"Ka yi me?"

"Allurata mana! Shekara arba'in ina tela, ina zura zare a kafar allura, wannan ce za ta gagare ni?"

"Baba... layi nawa ka ja?"

"Sha huɗu. Ga ta can na jefa a robar da kike tarawa. Kin gani? Ki yi aurenki, ki tafi hankalinki kwance."

Ta so ta gwada jininsa, ya janye hannu, ya ce ba yaro ba ne shi. Ta ajiye masa shayi da burodi, ya gutsura kaɗan, ya ce ta tafi kada ta makara.

A makarantar da take koyarwa, alli ya karye a hannunta sau biyu. Kwalbar take ta gani a zuciyarta. Da ta mayar da ita firji ɗazu, kamar ta fi jiya raguwa sosai... ko idonta ne? Ta fita baranda ta kira wayarsa. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake. Shiru.

A kira na huɗu, Dogo ta kira.

"Ka zo ka ɗauke ni, don Allah! Baba ba ya ɗagawa!"

Bai tambaye ta komai ba. Ko minti goma ba a yi ba ya iso.

Ƙofar gidan a buɗe take. Rediyo na ta magana shi kaɗai. Shayin ya huce a inda ta bar shi, ƙuda na yawo a kan burodin.

Baba yana ƙasa, ya jingina da kujera, rigarsa sharkaf da gumi, hularsa a gefe. Leɓunansa na motsi, sunan marigayiya matarsa yake kira.

"Baba! Baba, ni ce!"

Ta soki yatsansa, ta ɗiga jinin a na'urar gwaji. Sugan ya faɗi warwas.

"Yana iya haɗiya?" in ji Dogo, ya riga ya tallafo kansa.

"Idonsa biyu... kawo sukari da ruwa, yi sauri!"

Kurɓa uku ya yi, sai kansa ya langaɓe. Dogo ya sake kai kofin bakinsa, ta riƙe hannunsa.

"A'a! Ya suma, zai shaƙe! Ɗauke shi!"

Dogo ya sungume shi kamar jariri. A mota ta kwantar da shi ta gefe a kan cinyarta, tana kiransa, shi kuwa jikinsa sai ƙara sanyi yake.

Sai bayan la'asar ya farfaɗo, da ƙarin ruwa a hannunsa. Likita ya shigo da sirinji sabo, ya miƙa masa.

"Baba, nuna mini sha huɗu."

Ya ɗaga shi wajen haske, ya ja, ya ja, ya tsaya. Auta ta leƙa. Arba'in. Ta toshe bakinta da mayafi.

Likita ya fita ya bar su.

"Ba na ganin layukan," in ji Baba. "An fi wata shida. Fuskarki ma kamar ta bayan hayaƙi nake ganinta. Na ɓoye miki... na ce kada in zama dutsen da zai danne miki rayuwa."

"Da ka mutu fa, Baba? Da wane ido zan kalli auren?"

Ya lalubo hannunta ya riƙe. Sannan ya juya kai inda yake jin numfashin Dogo.

"Ɗana, matso. Ranar da ka zo neman ta, ban ja maka rai ba, ko?"

"Ba ka ja ba, Baba."

"To yau ni ne mai roƙo. Can inda za ku... akwai inda za a raɓa tsoho? Ba ni da cin abinci da yawa."

Dogo ya zube a gwiwa a bakin gadon, kafaɗunsa na girgiza.

"Ni ya kamata in faɗa tun jiya, Baba. Ka yafe mini. Ɗaki ɗaya ne da falo... ɗakin naka ne."

Auta ta kifa kanta a kan hannun mahaifinta. Kukan da ta yini tana haɗiyewa ya ƙwace mata gaba ɗaya, kuma babu wanda ya ce ta yi shiru.