Bugun Zuciya a Lasifika

Na'urar da wani injiniya ya haɗa wa gidan nunin kimiyya sai da mutum biyu take aiki: kowa ya ɗora tafinsa kan gilashi, kwamfuta ta fitar da bugun zuciyarsa a lasifika. Ga dare ya raba, abokan aiki sun watse, ba abokin gwaji.

Sai ga wata tsohuwa tana shara, amma tsintsiyarta ba ta ƙara.

"Kawo in taya ka, ɗan nan."

Ya ji daɗi, don yau ko gaisuwa bai samu ba. Suka ɗora hannu. Zuciyarsa ta kama dum-dum. Gefen tsohuwar shiru, gilashin yana tsatsafo da raɓa.

"Yi haƙuri, Iya, na'urar ce."

"Na'urarka lafiya lau," in ji ta. "Ƙaro mini sautin taka. Na daɗe ban ji irinta ba."